Warin Citta

Buhu sittin na sauke yau daga tirelar Kachiya,
citta busasshiya, mai shiga har ƙarƙashin farce.
Duk matar da ta tsaya a rumfata a Mil Sha Biyu
ta dafe baki, ido ya yi zuru-zuru,
ba na jira ta yi magana.
In auna mata, in ce: daka, tafasa, matsa lemon tsami,
sha da ɗumi kafin ƙafarki ta taka ƙasa.
Shekara tara ina wannan huɗuba
kamar wanda ya taɓa ɗaukar ciki.

Sai ga laulayi ya yi sallama a ƙofata.

Tasalla ta shiga wata na biyu.
Tun ladanin Ketu bai gyara murya ba
tana durƙushe a bakin kwata,
hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙirji.
Babu komai a cikin, amma cikin bai yarda ba.
Hayaƙin janareto, zuciya ta tashi.
Manjan maƙwabta a wuta, ta tashi.
Ga iskar nan da ke tasowa daga bakin ruwa
ɗauke da ƙarnin kifi da laka.
Na ce, kwantar da hankalinki, ai maganin kika aura.
Na kawo zaɓaɓɓiya, wadda ba na sayar wa kowa.
Kofin bai kai gabanta ba ta nuna min ƙofa.
"Kai ne," in ji ta. "Rigarka ce. Gemunka.
Har numfashinka citta ne."

Yanzu wanka biyu nake yi a gidan haya,
bokiti bakwai a layi kafin nawa,
in rataye kayan kasuwa a waje kamar na mai laifi,
in yi sallama a ɗakin da nake biya, in jira izini.

Innarta ta aiko da tsamiya daga Gumel ta hannun direba.
Aka jiƙa. Ta yi aiki kwana biyu, ran na uku ta gaji.
Kanunfari a kumatu, awa ɗaya ya iya.
Na'a-na'a kuwa, ta ce kamar an dama mata man goge baki.
Wata ta kawo jarka, baƙin ruwa marar suna,
malamar awo ta ce ko murfin kada a buɗe:
abin da ba ki san uwarsa ba, ba kya ba ɗanki.

Iya Rofiyat ta ɗakin ƙarshe,
wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba,
ita ta ɗaga labule wata asuba.
Lemon tsami ɗaya, kore shar.
Ba ta yanka ba.
Ta karce bayansa da farcen babban yatsa,
ta kai hancin Tasalla, ta tallafe mata ƙeya
yadda ake tallafe jariri.
Sai ɗan gefen burodi, busasshe, kaɗan kaɗan.
Da numfashi ya daidaita
ta dafa nata cikin, ta ɗaga yatsu shida,
sannan ta lanƙwasa ɗaya a hankali.

Ina tsaye a bakin ƙofa,
ni mai buhu sittin.

Jiya wata ta zo rumfa dafe da baki.
Na auna mata rabin abin da na saba.
Na ce, gwada, in ta ƙi ki kada ki tilasta,
ga mai lemo can kusa da masu tattasai.

Yau a danfo, hanyar asibiti,
cunkoso ya riƙe mu a Ojota.
Kwandasta na ihu, fetur na shigowa ta taga.
Tasalla ta kwance lemonta daga bakin mayafi,
ya sha farce har ya yi zane kamar ƙwan zabuwa,
ta shaƙa, ta lumshe ido.
Can sai na ji nauyin kanta a kafaɗata,
karo na farko cikin kwana ashirin da uku.
Ta shinshina wuyan rigar, ta ce, "Yau da dama-dama."
Ban motsa ba har Ikeja,
ko da hannun ya mutu.